Tukunyar Malam Buba

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai ƙarar maƙwabcina wurin mai unguwa ba. Lokacin ban daɗe da tarewa a unguwar Tirwun ba, kuma ni mutum ne mai sa ido (matata gulma take kiran abin, ni kuwa tsaro).

Maƙwabcin nawa, Malam Buba, dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa, ba shi da yawan magana. Na yi kusan wata ina leƙensa ta saman katanga. Ga 'yar tukunyar tagulla kamar gwangwanin madara, ga siraran bututai, ga ƙaramin tulun gas, ga wayoyi, ga rimot. Da ya ji motsi sai ya rufe su da tsumma. Sau ɗaya na tambaye shi, ya ce, "Koyo nake yi, bari dai ya tashi tukuna."

Ya tashi! Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Da na ga ya sa wani dogon akwati a keke-napep ya ce a kai shi dam ɗin Gubi, sai na ruga gidan mai unguwa. "Ranka ya daɗe, dam zai fasa!" Ya ɗauki 'yan sintiri biyu muka bi bayansa.

Mun same shi tsugune a bakin ruwa, ya ba mu baya. Ya ɗura ruwa da sirinji, ya ɗiga mai, ya ƙyasta ashana, ya ja da baya riƙe da rimot. Can sai wata ƙara, fiiit, tururi ya yi sama.

"Ku kwanta!" na kurma ihu, na yi sufa cikin taɓo, daidai inda shanu ke shan ruwa.

Ba wanda ya kwanta sai ni. Da na ɗago, sai ga ɗan jirgin ruwa, tsawonsa bai wuce hannuna ba, yana tafiya yana fitar da tururi abinsa. Masunta da wasu ɗalibai da ke wurin suka fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ranka ya daɗe, kallo kuka zo?" in ji Malam Buba. "Tururi ne ya yi yawa, tukunyar take ragewa. Sau biyu injin yana ƙin tashi, shi ya sa nake ɓoyewa, kar a ce tsoho na wasan yara."

Mai unguwa bai rufa min asiri ba. "Maƙwabcinka ne ya ce bam kake haɗawa."

Malam Buba ya daɗe yana kallona, kashin shanu na ɗiga daga gemuna. Ya zaro hankici ya miƙo min. "Alhaji, goge. Ni da zan raka ka neman aure in an ce a kawo maƙwabci."

Wallahi gara a ce zagina ya yi.

Tun ranar na ɗauki darasi: kafin in sake cewa jama'a su kwanta, zan fara duba abin da ke ƙasa.