Rumbun da na gina wa Kawu

Ba zan taɓa mantawa da rumbun Kawu Tanko ba, ko da na so mantawa 'yan ajinmu ba za su bari ba.

Muna ajin ƙarshe a sakandare malamin kwamfuta ya ce kowa ya nemo mai wata buƙata, ya saurare shi da kyau, sannan ya haɗa masa abin da zai yi masa amfani. Sai mutumin ya zo ya sa hannu za a ba da maki. Ni kuwa lokacin ji nake duk garinmu Tsanyawa ba kamar ni (sau huɗu kacal na taɓa kwamfuta, amma har tafiyata ta canza).

Na sami yayan mahaifiyata, Kawu Tanko, yana ɗaure gero. Na ce, "Kawu, rumbu zan gina maka, na zamani." Rumbun bayanai nake nufi, inda zai rubuta wace gona ta ba da dami nawa. Kalmar "bayanai" ɗin ce na haɗiye, don ina sauri in burge shi.

"Kai ɗan nan! Zai ci dami nawa?"

"Ko dubu ne, Kawu."

"Gara fa? Ɓera fa?"

"Ba abin da zai shiga. Har makulli gare shi, kai kaɗai za ka sani."

Ya yi ta sa min albarka. Na rubuta a littafina cewa mai buƙata yana son wuri mai faɗi da tsaro. Ban yi masa tambaya ko ɗaya ba, shi ne ma ya yi ta yi min.

Ranar sa hannu Kawu ya zo da babbar rigarsa ta Juma'a. Na kunna kwamfuta a gaban aji, na nuna masa layuka: gero, dawa, gyaɗa. Ya leƙa allon, ya zagaya ya leƙa bayansa.

"To madalla. Ina rumbun?"

"Ga shi nan, Kawu."

Ya juya wajen malam. "Malam, ni fa tun makon jiya na rushe tsohon, don sabon ya sami fili. Hatsina na tsakar gida, awaki sun mai da shi nasu. Ta ina zan zuba dami a cikin wannan?"

Ajin ya fashe. Har malam sai da ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Wallahi kunyar da na ji ta fi ƙarfin kuka, ga tausayin Kawu, don abincin gidansa na shekara ne a waje.

Bai sa hannu ba sai bayan kwana tara, da na gama kwaɓa laka da jidar duwatsu, aka ɗora wa sabon rumbu jinka. Malam ya ce yanzu na biya buƙata, ya ba ni makin tsira.

Tun daga nan, ko ruwa aka aike ni sai na tambaya: na sha ko na alwala?