Mai Bidiyon Suna a Wasan 'Yan Jita

Wani ne a unguwar Morris Heights, can ƙasar waje, sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna. Bawan Allah, ba shi da mugunta ko kaɗan, kan ne dai hanya ɗaya ya sani. Duk jaririn da aka raɗa wa suna a unguwar, shi ya fara haske masa ido da fitila.

Wata rana Fauzia, 'yar maƙwabciyarsa, ta tare shi a matakalar bene. Yarinyar jita take kaɗawa, ita da abokanta suna da 'yar ƙungiya ta kiɗan nan da suke ce wa rok.

Ta ce, "Kawu, taimako za ka yi mana. Muna da wasa ran Lahadi a unguwar Jamaica. Wani mai babban gidan wasa ya ce mu ɗora bidiyonmu a Instagiram ya gani. In ya yi masa, ya ba mu fili. In bai yi ba, ya ba wasu."

Ya ce, "Ke 'yar nan, ni fa na ɗauki sunanki. Har kukanki yana nan a kaset."

"Gajere fa, Kawu."

"Ki bar min kawai."

Ran Lahadi da la'asar gogan ya sha shadda da hula, ya yi wanka da turare, ya saɓa kyamara da fitila. Ya tarar wurin a ƙarƙashin ƙasa yake, duhu kamar an ɗauke wuta. Ba kujera, ba tabarma, ba ko ƙamshin shinkafa. Ya ga kowa da baƙar riga, ya ce a ransa, to anko dai an yi. Ya ga wanduna duk a yage a gwiwa, ya ce, Allah sarki, a riga ƙarfin ya ƙare.

Shi kuwa a ƙa'idarsa da manya ake farawa. Ya duba, ya ga wani ƙato mai sanƙo a bakin ƙofa ya harɗe hannu, mai gadi ne, amma shi ya yanke wannan ne uban taro. Ya dalle masa fitila.

"Ranka ya daɗe, a sa wa taro albarka."

Ƙaton ya zuba masa ido, ko ƙiftawa.

Ya ce, "Madalla. Manya da ma ba sa yawan magana."

Daga nan ya bi jama'a ɗaya bayan ɗaya, daga takalmi har gashin kai, don ya san halin mutane: ka tsallake fuska ɗaya, a yi shekara ana gaba da kai.

"A yi murmushi! Kai dangin wa? Ke matso, an kare ki!"

Can sai Kadri, mai gangar ƙungiyar, ya sauke sanduna a kan ganga, Fauzia ta ja jita. Mutumin ya ji abin har cikin haƙoransa. Ya yi salati, ya danne hula, ya ci gaba da aiki.

Bai ankara ba samari suka fara bangazar juna a tsakar fili, wannan ya ture wancan, wancan ya ture na gaba. Ai sai ya maƙale kyamara a hammata ya faɗa cikinsu.

"Kai! Ku ji tsoron Allah! A taron 'yar mutane? Wa ya fara?"

Ya kama kunnen biyu. Su kuwa suka rungume shi suna ihu, suka juya shi kamar waina. Yana cikin haka wani yaro ya diro daga kan dandali, jama'a suka cafe shi suna miƙa shi bisa kawunansu, ya sanƙare, ido a rufe.

"Innalillahi! Ya suma! Ku ba shi iska!"

Ya fizge gorar ruwan wata ya sheƙa wa yaron a fuska. Wurin ya ɗauki sowa. Kafin ya ce wani abu ya ji ƙafafunsa sun bar ƙasa. Ga shi a sama, shadda ta baje, kyamara na ɗaukar rufi, ana tafiya da shi hannu zuwa hannu.

"Ku sauke ni! Wallahi da raina! Ina da iyali!"

A kan dandali suka dire shi. Da ya ga ya riga ya zo, kuma har yanzu ba wanda ya yi wa yarinyar kara, ya laluba aljihu ya manna mata dala a goshi, ya manna wa Kadri, ya sauka da takalmi ƙafa ɗaya.

Ranar da mai gidan wasan yake jira, ya kawo aiki har falon uwar Fauzia, Kadri ma ya zo. Ya kunna yana murmushi.

Furanni suka buɗe. Tattabaru biyu suka tashi. Fuskar mai gadi ta fito cikin hoton zuciya tana juyawa. Takalma, takalma, takalma. Uwar Fauzia ta tashi ta yi azahar ta dawo, ana kan takalma. Sai ga samarin nan suna bangazar juna a hankali-a hankali, kamar cikin ruwa, ana busa musu sarewa mai sanyi irin ta rakiyar amarya. Ga Fauzia ta wage baki tana girgiza gashi, sarewa dai ke tashi.

Fauzia ta miƙe. "Kawu, ina waƙar?"

"Wace waƙa?"

"Tamu! Jitata! Gangar Kadri!"

Kadri ya ce, "Baba, na asalin dai yana nan ko?"

"Na goge shi tas. Sai da na haɗa gumi."

Fauzia ta ɗora hannu a ka. "Kawu, saboda ita fa muka kira ka!"

Ya dube ta, ya dubi Kadri, ya riƙe haɓa.

"Au! Wai da gangan kuke wannan ƙarar? Ni na ɗauka lasifika ce ta lalace, na rufa muku asiri!"