Barewar Bakin Dam

Allah ya yi wa Birnin Gwari baiwa da yawa, amma babu kamar Alhaji Abdulbaƙi Abarshi. Shekara talatin ya yi a wani ofishi a Abuja yana buga hatimi, ya yi ritaya ya dawo gida da abu uku: tumbi mai riga shi shiga ɗaki, farin takalmin gudu, da agogon hannu mai ƙirga taku. Likita ne ya ce ya riƙa sassarfa da safe saboda hawan jini. Shi kuwa da yake babban mutum ne, sai ya ɗauka wa'azi aka ba shi ya isar wa talakawa.

Wurin da ya zaɓa shi ne 'yar siririyar hanyar da ta bi ta bakin dam. Hanyar kowa ce. Mata masu ɗiban ruwa da itace, 'yan acaɓa, masunta, manoma, duk nan suke bi. Nan kuma wani makiyayi, Bakoji, yake koro shanunsa su sha ruwa da hantsi, don tsohon burtalin ya ratsa ta daji, dajin da yanzu ko kare ba ya shiga da son ransa. In aka hana shi wannan hanya, to an hana shanu arba'in ruwa ke nan.

Abin da zaman Abuja ya mantar da Alhaji shi ne, a garinmu babba ba ya gudu don nishaɗi. Mun binne mutane da yawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Saboda haka ranar farko da aka hango dattijo mai furfura ya ɓullo daga ɓangaren daji a guje, yana haki, idanu waje, babu wanda ya tsaya tambaya. Mata suka watsar da jarkoki. Manoma suka yar da fartanya. Wani masunci ya faɗa ruwa da rigarsa. Kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, suka riƙa wuce Alhaji ɗaya bayan ɗaya.

Ya iso majalisar ƙofar gidansa kamar zai fashe don farin ciki.

"Kun gani ko? Jama'armu jagora kawai suke jira! Rana ɗaya tak na fita, mutum ya fi ɗari uku suka biyo ni. Har da mata! Wasu ma don zumuɗi sun wuce ni, na ƙyale su, shugaba nagari ba ya gasa da mabiyansa."

'Yan majalisa, waɗanda rabinsu sai lokacin suka fito daga ƙarƙashin gado, suka ce gaskiya ne, ranka ya daɗe. A nan aka raɗa masa Barewar Bakin Dam. Ya ji daɗin sunan har ya sa aka rubuta masa shi a bayan riga.

Kafin mako ya zagayo ya kafa Ƙungiyar Masu Sassarfa, shi ne shugaba, shi ne sakatare, shi ne uban ƙungiya. Sai kuma ya taka kashin shanu da farin takalmin nan. Ranar ya rubuta wa ƙaramar hukuma takarda mai shafi tara, yana neman a hana shanu bin hanyar daga asuba zuwa azahar, domin lafiyar mambobi ɗari uku.

Bakoji ya same shi har gida, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Alhaji, ka yi wa Allah. Aradu ba mu da wata hanya sai daji. In na bi can, ba ni ba shanun."

"Malam Bakoji, ci gaba ba ya jiran saniya," in ji Barewa, yana duban agogo. "A ƙasashen da suka waye, dabba ta san lokacinta."

Bakoji bai san waɗannan ƙasashe ba. Ya tashi ya tafi da baƙin ciki, ya kwana uku ba ya iya cin tuwo.

Hukuma ta turo wata jami'a, Madam Comfort, ta zo ta ga mambobin da idonta kafin a sa hannu. Ranar Alhaji ya fito fes, ya yi 'yar miƙa, ya busa usur, ya taka. Sai dai jama'a sun riga sun gane shi. Mata suka ɗago kai, wata ta ce, "Alhaji ne, ku ci gaba da wankinku." Babu wanda ya motsa. Ya sake busa usur. Wata akuya ta dube shi.

"Suna jin kunyar baƙuwa ne," ya ce wa Madam Comfort. "Mutanenmu akwai kawaici."

Bai rufe baki ba tayar wani babur da aka labta wa buhun masara biyu ta fashe a bayan wata bishiyar kuka. Tau!

To a nan Madam Comfort ta ga ɗari ukun da aka yi mata alkawari, har da ƙari. Ita kanta ta cire takalmi ta shiga sahun gaba, fayil a hammata. Baba Ladi, tsohuwar da ta ba saba'in baya, ta wuce Shugaban Ƙungiya da damin itace a ka, ba ta ko sauke ba. Shi kuwa Barewa, wanda bai taɓa gudun gaske ba a rayuwarsa, ya yi taku ashirin masu kyau, gwiwa ta ce ba da ita ba. Ya zube a gefen hanya yana kiran sunayen mambobi, kuma ka san ba su da yawa.

Mutum ɗaya ne bai gudu ba. Bakoji ya san ƙarar bindiga, ya san ta taya, kuma ko da bindigar ce ba zai bar shanunsa ba. Ya tsaya a kan Alhaji ya daɗe yana dubansa. Sannan ya jawo takarkarinsa, ya cicciɓi shugaban da ƙyar ya ɗora. Haka aka shigo da Barewar Bakin Dam gari, rungume da tozon takarkari, farin takalmi yana reto, jama'a suna leƙe ta katanga.

Rahoton Madam Comfort bai kai shafi tara ba. Ta rubuta cewa lallai ta ga masu gudu da yawa, sai dai ba ta ga shugabansu a ciki ba, kuma shanu su ci gaba da bin hanyar, tunda su ne motar asibitin ƙungiya.

Kada ka ɗauka Alhaji ya karaya. Da suka isa ƙofar gida agogon ya yi ƙara, ya taya shi murna: taku dubu shida, abin da bai taɓa yi ba tun da ya saye shi. Har yau yana nuna wa baƙi lambar a majalisa. Bakoji in ya zo wucewa yakan gaishe shi da ladabi, bai taɓa cewa takun na wane ne ba.