Ranar da na yi wa likitan ƙwaƙwalwa kwalliya

Ba zan taɓa mantawa ba da watannin da suka biyo bayan haihuwata ta fari, don a lokacin aikina ɗaya ne a duniya: gadin numfashin jaririya. Tsoro ne ya shige ni, wai in na kau da ido za ta daina numfashi. Na samu ɗan guntun auduga na ƙulle a bakin zane. Da ta yi barci sai in kwance shi in kara mata a hanci. In ya motsa in ce alhamdulillahi, in koma murhu. Kafin in juya muciya sau uku na sake dawowa. (Tuwon da na ƙona a watannin nan, akuyar gidanmu ma shinshinawa take ta wuce.)

Majo, wato babbar ma'aikaciyar asibitinmu na Takanamat, ita ta lura da ni ranar da na kai yarinya awo. Ta dubi wuyana da ya zama kamar na zabuwa, ta yi mini tambayoyi, sannan ta ce ya kamata in ga likitan ƙwaƙwalwa. Na ce, "Majo, ki rufa mini asiri. In na shiga motar Tawa don wannan, kafin mu fita gari an gama cewa ni matar Ila na taɓu."

Ta yi dariya ta ce yanzu ba sai an je ba. Akwai wani likita a Yamai da zai kira ni ta bidiyo ranar Talata da hantsi. "Dattijo ne, ya san aikinshi. Sai dai ba ya ƙaunar duba mutane ta salula, matsa mishi aka yi. Matasan likitoci ne ke rawar jiki da abin. Kuma ki sani, in kin ɓata wannan rana, sai kin jima kafin layi ya sake zagayowa kanki."

To, a nan ne wautata ta fara. Mu matan Adar da mazanmu ke Abijan ko Libiya, mun san kiran bidiyo kamar yadda muka san daka, kuma yana da ƙa'ida. Mace ba ta fitowa a salula da fuskar wahala. Za ki yi wanka, ki sa kwalli, ki ɗaura zanen fita, ki zauna inda bango ke da kyau, duk abin da aka tambaye ki ki ce lahiya lau. Mutumin da ke ƙasar wasu ba a ɗora mishi damuwa. Ni ban taɓa ganin wani irin kiran bidiyo ba bayan wannan.

Ranar Talata na tafi ɗakin Yaya Rabi, yayar mijina, don nan ne rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi kamawa, kuma ita ke da jeren kwanuka har rufi. Ita ce shugabar kiran bidiyo ta gidanmu. Ta shafa mini hoda har na yi fari kamar wadda ta faɗa buhun gari, ta ara mini gyale mai ƙyalli, ta kwantar da yarinya can ƙuryar gado inda ba za a gan ta ba. Sannan ta tsaya bayan salula don ta riƙa ba ni umarni da ido.

Salula ta yi ƙara. Sai ga wani tsoho da tabarau a kan hanci, kanshi ba gashi ko ɗaya, yana ta ƙyalli. Fuskarshi kamar an ba shi magani mai ɗaci.

"Ɗiyata, yaya barci?"

Yaya Rabi ta buɗe haƙora, alamar in yi murmushi. Na ce, "Lahiya lau, Likita."

"Abinci fa?"

"Muna ci ƙwarai, Likita." (Rabona da cinye kwano guda tun ranar suna.)

"Akwai wani tunani da ke damun ki game da jaririyar?"

Wallahi na buɗe baki zan faɗa. Sai Yaya Rabi ta zare mini ido ta girgiza kai. Na ce, "Ko kaɗan. Yaya mutanen Yamai? Yaya iyali?"

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya juya yana faɗa wa wani da ban gani ba, da Hausa kuma, kamar da gayya: "Ka ga abin da nake gaya muku. Ni sai na ga yadda mutum ya shigo ƙofa, yadda ya zauna, abin da hannunshi ke yi. Nan me nake gani? Gyale da kwanuka. A salula kowa lafiyarshi ƙalau." Ya dawo kaina ya ce, "To, tunda haka ne…" Sai hoton ya tsaya cak, bakinshi a buɗe, murya ta ɗauke.

Na ɗauka ya kashe. Na jingina salular da wani kwano, na yi jifa da gyale, na faɗa gado a guje, don na yi kusan minti goma ban duba numfashi ba. Na kwance audugata na kara mata a hanci. Ta motsa. Na sake karawa. Ta motsa. Sai kuka ya ɓalle mini, hoda na dalala. Na ce, "Yaya, na gaji! Kwana nawa ban runtsa ba. Gani nake za ta mutu, kuma a ce ni na kashe ta da sakaci."

Yaya Rabi ta ce, "Yi shiru, ai kin fita kunyarmu. Kin ga wanga tsoho? Mi zai sani?"

Ni kuma don in huce haushi, cikin kuka na ce, "Wai shi likita! Kai kamar ƙwaryar fura da aka kife. Da ma shi ya kamata a duba, mutum ko murmushi bai iya ba."

Sai muka ji an yi gyaran murya daga cikin kwanuka.

"Ɗiyata, ƙwaryar na jin ki. Tana kuma ganin ki."

Rezo ashe ya dawo tun tuni. Salular da na jingina ta fuskanci gado sak. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Yaya Rabi, jarumar gidanmu, ta laɓe bayan labule, ƙafafunta a waje.

Ya ce, "Mai ƙafafun nan ta ba mu wuri." Ta fita sumsum. "Ke kuma ɗauko yarinyar da audugar, ki zauna yadda kike. Yanzu ne aka fara duba ki."

Na faɗa mishi komai, fuskata duk zanen hawaye da kwalli. Ya ce ba hauka ba ne, yana samun mata bayan haihuwa, kuma ana warkewa. Ya tsara da Majo yadda za a riƙa bi na. Kafin ya kashe sai da ya ƙara ƙorafi: "Da ba don kin manta danna jan maɓallin kashewa ba, da na rubuta cewa lafiyarki lau." Har yau in ya kira, sai ya sa na juya salula ya ga kusurwa huɗu na ɗaki, har bayan labule. Da sauƙi sosai yanzu. Audugar nan na bar ta a wurin Majo.

Don Allah, ƴar'uwa mai karatu, in an ce likita zai kira ki ta bidiyo, kada ki yi kwalliya, ba mijinki ba ne. Ki fitar da dangi waje, ki faɗi abin da ke cin ki tun tambayar farko. In kuma dole sai kin yi maganar kan mutum, ki danna jan maɓallin nan da yatsanki tukuna.