Gangar Da Ta Ƙi Yabon Alhaji Ɗan'asabe

Akwai wani mai haɗa kiɗa a Kano, sunansa Sagiru, sitidiyonsa yana saman wani bene a titin Gidan Zu. Ɗaki ne ɗan tsukut, in mutum huɗu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Amma a cikin kwamfutarsa akwai kalangu, akwai kotso, akwai ganga babba da ƙarama, duk a wata manhaja da yake ji da ita kamar 'yar fari.

Rannan sai babban aiki ya faɗo masa. Alhaji Ɗan'asabe mai tayoyi ya fito neman shugabancin ƙungiyar 'yan kasuwarsu, yana son waƙar da za a saka a lasifika ranar taro. Shi kuwa Alhajin nan duk kasuwa an san shi. Idan ya raba goro gida huɗu, uku aljihunsa suke komawa, na huɗun kuma sai ya fara tambayar ka ko likita bai hana ka ba. Duk da haka Sagiru ya karɓi aikin da rawar jiki, don Alhaji ya faɗa masa ƙarara cewa in waƙar ba ta yi ba, sitidiyon da ke kallon nasa zai koma.

Aka kira mawaƙi, wani Haladu, ya zo ya rera har jijiyar wuyansa ta fito. Sagiru ya ɗora ganguna a kai, ya jingina da kujera, ya kunna don ya ji daɗin aikinsa. Nan fa ganga ta fara nuna hali. Wani wuri ta buga kamar za ta tsaga sifika, har kofin shayin da ke kan tebur ya kama rawa. Can gaba kaɗan kuma ta lafe, sai ka rantse wani ne yake ƙwanƙwasa ƙwarya da farce a bayan gida.

Sagiru ya kashe kwamfuta ya kunna. Ya zare waya ya hura mata iska ya mayar. Ya bi bugun gangar ɗaya bayan ɗaya yana daidaita ƙarfinsu, har layukan bugun a fuskar kwamfutar suka jeru kamar sojoji a fareti. Ya kunna, ganga ta ce ba ta san zancen ba. Ya kira wani abokinsa a Jos, shi kuma ya ce lallai janareta ne. Aka kashe janareta aka jira wutar gari, ta zo, ba abin da ya sauya. Ya sauke manhajar gaba ɗaya ya sake ɗora ta, ta dawo da halinta har da ƙari.

Haladu, wanda tun ɗazu yake zaune yana cin gyaɗa, ya ce shi fa ba ya raba ɗaya biyu, aikin masu sitidiyon nan da ke kallonsu ne, turo musu wani abu aka yi. Kafin Sagiru ya ankara ya fito da wata 'yar gora ta ruwan tofi daga aljihu ya nufi kwamfutar da ita. Da ƙyar Sagiru ya tare shi da ƙirji, ruwan ya ƙare a gaban rigarsa. Suna cikin wannan kokawa suka ji takun manyan takalma a kan bene.

Alhaji ne da kansa, babbar riga har tana sharar ƙasa, alhali sai gobe aka yi da shi zai zo. Tare da shi akwai taubashinsa, Malam Ɗanjummai, wani dattijo siriri mai tsinin baki, wanda tun suna yara ba ya raga masa. Alhaji ya cika kujera, ya ce a saka masa waƙarsa.

Sagiru ya kunna. Aka ambaci sunan Alhaji, ganga ta amsa da ƙarfi. Aka ambaci mahaifinsa da shagunansa da tirelolinsa, ganga kamar ta fito daga sifika ta yi gaisuwa. Alhaji ya fara gyaɗa kai, ƙafa na bin kiɗa. Sai aka iso inda Haladu ya ƙwala murya yana cewa Alhaji mai kyauta da hannu biyu, ba ya bari maƙwabci ya kwana da yunwa. Ganga ta yi tsit.

Aka wuce wurin ta dawo da ƙarfinta. Da baitin kyautar ya sake zagayowa ta sake nutsewa. A karo na uku Alhaji ya ɗaga hannu, ya ce a tsayar.

"Kai yaro, me ya sa duk inda aka zo maganar kyautata gangar nan take yin shiru? Makaɗan gaske a nan ne ma suke ƙara bugu."

Tambayar nan ce ta buɗe wa Sagiru kai. Ya tuna tun wani aiki na baya ya saita na'urar daidaita sauti da ke kan teburinsa yadda in mawaƙi ya ɗaga murya ganga za ta janye, don a ji kalmomi sosai, kuma ya manta bai cire ba. Shi kuwa Haladu, a baitin kyautar nan ne yake ihu iya ƙarfinsa, don sai da ya runtse ido kafin maganar ta fita daga bakinsa. Daɗi ya kama Sagiru har ya fara zuba bayani da Turancin sana'a. Alhaji ya ce shi ba lacca ya zo ji ba, a gyara kawai.

Sagiru ya kai hannu kan na'urar da ke gabansa ya murɗa wani maɓalli har ƙarshe, ya mayar da waƙar baya. Wannan karon da aka iso kyauta da hannu biyu, ganga ta tashi kamar aradu. Alhaji ya miƙe tsaye, ya tattare hannun riga, ya taka rawa a ɗan filin da ya rage, har hularsa ta taɓo fanka. Ya ce daga yau duk waƙoƙinsa a nan za a yi su. Sannan ya juya wurin taubashin nasa yana haki yana washe baki.

"To, Ɗanjummai, ka dai ji da kunnenka. Ku ne masu cewa ni marowaci ne. Ga shi har inji ya ba da shaida."

Malam Ɗanjummai ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Na ji, kuma na gani. Sau uku yana ƙi, sai da yaron nan ya murɗe masa kunne."