Rigar Layun Nomau

Wani mutum ne a Kukar Sambo, ɗan sintiri, ana ce masa Nomau. Kai, in dai cika baki ne, ba a haifi na biyunsa a garin nan ba. In ya zauna a bencin mai shayi, sai ya gama da ɓarayin daji kaf kafin kofinsa ya huce. Amma duk ranar da aka busa usur aka ce a fito, to ranar ce cikinsa yake murɗawa.

Kun dai san ɗan sintiri a ƙauye ba abin wasa ba ne. Su ke raka mata kasuwa ta hanyar daji, su ke raba faɗa, su ke tsayawa in kowa ya watse. Shi ya sa in an yanka sa, cinya guda tasu ce, in ana biki kuma kujerar gaba tasu ce. Kwamandansu kuwa har babur ake ba shi. To, sai kwamandan ya tsufa ya ajiye aiki, mai gari ya ce ranar kasuwa zai naɗa sabo. Nomau ya ƙwallafa rai a kan kujerar nan, ko tuwo ya daina yi masa daɗi.

A garin kuwa da rigar layu ake auna namiji. Wanda rigarsa ta fi cika, shi ake fara gaisarwa. Sai Nomau ya zarce wurin Sallau baduku.

"Sallau, riga nake so, wadda in ɓarawo ya hango ta daga nesa zai tuba."

"To ina rubutun da za a ɗinke a cikin layun?"

"Ka ji ka! Wa zai buɗe ya duba? Zuba ƙarfe, zuba tsakuwa, duk abin da zai kumbura."

Sallau ya zuba. Aka rataya kwaɗunan kulle ƙofa manya-manya, da ƙahon rago, da madubai, da guntun sarƙar babur. Nomau ya duba ya ce ƙirjin bai cika ba. Ya koma gida ya ɗauko wani abu a ɓoye, aka naɗe da jar fata aka ɗinke a tsakiya.

Da yamma matarsa Ladidi ta ce, "Malam, ina dutsen gugana?"

Ya ce, "Yana aikin tsaro."

Ranar kasuwa sai da Ladidi ta kira maƙwabta aka taru aka ɗora masa rigar. Tun hantsi ya fito, bai isa kasuwa ba sai wajen azahar. Ƙwaram! Ya huta. Ƙwaram! Ya huta. Mutane na cewa, "Kai, ku dubi tafiyar ƙasaita!" Ƙasaitar me? Bawan Allah numfashinsa yake nema.

An yi ruwa da safe, kasuwa duk ta caɓe. Nomau ya tsaya kusa da masu tumatir don ya sarara, ƙafafunsa suka nutse cikin taɓo har ƙwauri.

Nan fa aka ji ihu daga wajen masu shanu: "Sa ya ƙwace! Sa ya ƙwace!"

Wani bijimi ne baƙi ƙirin, ya tsinke igiya ya shigo tsakiyar kasuwa. Tire sama, ƙwarya sama, mai manja ya rungumi mai gawayi. Sauran 'yan sintiri suka ruga neman igiya. Mata masu tumatir da 'ya'yansu suka rasa inda za su, sai suka ɓuya a bayan Nomau.

Nomau ya ce wa ƙafafunsa, "Ku tashi mu tafi!" Ko gezau. Ya sake cewa, "Don girman Allah!" Shiru. Ya buɗe baki zai kurma ihu, muryar ta maƙale, ido ya firfito ja wur. Wanda ya hango shi daga nesa sai ya rantse harara ce yake yi wa san.

Bijimi ya sunkuyar da kai ya taho a guje. Ƙwal! Ƙaho ya haɗu da dutsen guga. Sa ya ja da baya yana tangaɗi, ya ɗaga kai ya ga idanunsa birjik cikin madubai, sai kawai ya zauna daɓas a taɓo. Mahauta suka zo suka zarga masa igiya.

Guɗa ta kaure. "Nomau namijin duniya! Nomau katangar gari!" Aka ciro shi daga taɓo kamar rogo, aka ɗora a amalanke, aka tura shi har ƙofar mai gari. San ma aka jawo shi aka ɗaure a gindin dalbejiya, don mai gari ya ga abin da jarumi ya tare.

A hanya baki ya dawo.

"Tausayinsa na ji," in ji Nomau. "Da na sa hannu, da yanzu ana rabon nama."

Amma fa ƙafafun ba su san an gama ba. Sai kaɗawa suke, layu na ta caka-caka-caka. Wani ya ce, "Kwamanda, lafiya kake rawa?"

"Layun ne ke huci. Matsa, kada su taɓa ka."

Mai gari ya fito, ya ce yau ya ga namiji, magana ta ƙare. Ga makullin babur, ga kakin kwamanda, ga jar hula. A cire masa rigar nan a sa masa kaki a gaban jama'a.

Nomau ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗora kakin a kanta mana."

"Haba, ina zai shiga? Ku cire."

Ƙarti suka kama, da "ya Allahu" suka ɗage ta. Ana ɗagewa, san da ke ɗaure ya yi atishawa. Fyaat!

Jama'a, gudun da ƙafafun nan suke riƙe da shi tun azahar, a take suka sake shi gaba ɗaya. Fiii! Nomau ya tsallake amalanke, ya tsallake liman yana alwala, ya bi ta cikin gero yana kururuwa, "Wayyo Inna! Ku riƙe shi! Ku riƙe shi!" Takalminsa ɗaya a ƙofar fada, ɗayan sai a bakin rafi aka tsinta.

Mai gari ya dubi hanyar da Nomau ya bi, ya dubi rigar da aka jingine da bango tana tsaye ƙiƙam ita kaɗai, ko motsi ba ta yi ba.

Ya ce, "Ashe mun so mu yi zalunci. Ga wadda ta tare sa nan. Ku ɗora mata hular."

Aka ɗora wa riga jar hula, maroƙi ya shiga yi mata kirari.

Wani ya ce, "Ranka ya daɗe, shi kuma Nomau fa in ya dawo?"

"Ku ce masa bai yi asara ba, ya samu aiki. Kullum da safe ya zo ya gaishe da Kwamanda, ya kakkaɓe mata ƙura."