Tsohuwar Cikin Tabarau da Hannuna na Hagu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka haska ni a bangon aji ina tsugune ina ba iska haƙuri ba. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi. Amma tunda 'yan ajinmu sun riga sun kai labarin unguwannin Kumasi, daga Oforikrom har Tafo, gara ku ji shi daga bakin mai shi.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na ɗauki kwas na adabin zamani, irin labaran da ba a takarda ake karanta su ba. Wani ƙaton tabarau ake ɗaura maka ya rufe idanu ruf, a ba ka madanni biyu, ɗaya a kowane hannu, sai ka tsinci kanka a tsakiyar labarin. Ka buɗe ƙofa, ka ɗauki abu, rubutu ya fito a gabanka ka karanta. Abin da ke damun malamarmu, Dakta Serwaa, shi ne irin waɗannan labaran ba sa daɗewa: kamfani ya rufe ko na'ura ta tsufa, shi ke nan sun ɓace. Don haka kowa zai ɗauki labari guda, ya bi shi har ƙarshe ana naɗa, ya rubuta rahoton abin da ya gani da abin da ya ji, a ajiye a taskar sashen. Wanda aikinsa ya fi kyau za ta riƙe shi ya yi bautar ƙasa a ofishinta. Na ƙwallafa rai a kan gurbin nan, don in ban samu ba, shagon kayan mota na babana a unguwar Suame yana nan yana jirana.

Ni kuwa Allah ya yi ni da baki. Tun makon farko na sanar da aji cewa wannan wasan yara ne aka sa wa rigar adabi. Ranar da wata Akosua ta fasa ihu don ta ga kare a cikin nata labarin, ni na fi kowa dariya. Na ce ni da na tashi a Zongo, unguwar Hausawa, a ɗakin Kakata, ina jin tatsuniyar da ke hana yaro fita fitsari, ba na'urar da za ta motsa ni. Fuseina, 'yar Tafo, wadda ita kaɗai ke jin Hausa a ajin ban da ni, ta ce in dai bi a hankali. (Na ce mata ta riƙe shawararta, wataƙila ta yi mata amfani.)

Labarin da ya faɗo mini na wani gida ne a bakin teku da ruwa ke ci kaɗan-kaɗan. Masu labarin sun riga sun ce za su sauke shi daga intanet a ƙarshen wata, kuma shiga ɗaya aka ba ni, a ɗakin na'urori, ni kaɗai. Na bi ɗakunan ina taɓe baki, har na isa na ƙarshe. Can na tarar da wata tsohuwa zaune a kan tabarma, ta yafa mayafi, ƙafafunta a miƙe. Ta ɗago ta dube ni, ta miƙo mini mabuɗi. Sai na karɓa labarin zai ci gaba.

A daidai nan batirin madannin dama ya mutu. Hannuna na dama ya ɓace daga labarin, saura na hagu yana reto. In na cire tabarau don sauya batir, labarin zai koma farko, lokacina kuma ya ƙare.

To, duk wanda ya tashi a Kumasi ya san maganar hannun hagu. Ko yaron mota a trotro, motarmu ta haya, in zai ba ka canji da hagu sai ya nemi afuwa. A gidanmu abin ya wuce nan. Kakata da ludayi take gyara wannan hannun, kuma ba ta kuskure. Yanzu ga tsohuwa tana miƙo mini abu, ni ina tsaye ƙiƙam a kanta, da takalmi.

Na san zane ce, wallahi na sani. Amma jikina bai sani ba. Na tuɓe takalma, na tsugunna, na gaishe ta. Na yi ta miƙa hannun dama, ba ya kama komai, ita kuma ba ta janye nata ba, tana dai kallona. Daga ƙarshe na tallafi hannun hagu da na dama, na sunkuyar da kai, na ba ta haƙuri, na karɓa. Ƙofa ta buɗe, ruwa ya shigo, tsohuwar ba ta tashi ba. Na fito da ƙwalla a idona.

Da na huce sai na ce ai ba wanda ya gani. A tunanina abin da ke cikin tabarau kawai ake naɗa. Na zauna na rubuta rahoto mai zafi, na ce labarin ya kasa jan mai karatu, na ce daga farko har ƙarshe ina sane da cewa a ɗakin na'urori nake. Na miƙa ba tare da na kalli bidiyon ba. (Ashe ranar da Dakta ta yi bayanin kyamarar da ke kusurwar ɗakin, ina baya ina ba wani labarin ƙwallo.)

Ranar gabatarwa na sha farin kaftani. Dakta Serwaa ta ce in karanta sakin layi na ƙarshe na rahotona, na karanta da murya kamar mai wa'azi. Ta gode, ta kunna bidiyo. Bangon ya rabu biyu: gefe guda tsohuwa, gefe guda ni, a ɗaki fayau, ina ajiye takalma a gefe da ladabi.

Sai muryata ta fito tar, da Hausa. Dakta ta tsayar, ta ce duk abin da mai karatu ya furta dole a fassara shi don taska, wa zai taimaka? Fuseina ta miƙe tun kafin a rufe baki. Ta fassara gaisuwar duka, har da tambayar ya ƙafa, ya sanyi. Da aka zo wurin mabuɗi sai ta dafa ƙirji ta maimaita da irin muryata: “Kaka, ki gafarce ni, ba tarbiyyar gidanmu ba ce, batir ne.”

Akosua ta sulale ƙasa daga kan kujera. Wani a baya ya roƙi a mayar da wurin, aka mayar. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Dakta ba ta yi dariya ba, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Ta ce a duk abin da aka naɗa mata bana babu wanda ya kai wannan, kuma a duk rahotannin babu wanda ya kai nawa ƙarya. Bidiyon zai shiga taska yadda yake, rahoton kuma in sake shi. Gurbin ofis ta ba Fuseina.

A bakin ƙofa Fuseina ta tare ni. “Cale, mutumina, kar ka damu,” ta ce, “ka iya gaisuwa sosai paa. Kastomomin Suame za su ji daɗinka.”

Ba ta yi ƙarya ba, suna ji. An sauke labarin a ƙarshen watan, don haka duk ɗalibin da ke son ganin gidan nan na bakin teku, sai ya gan shi tare da ni a tsugune. Tun daga ranar, kafin in rantse cewa abu bai taɓa ni ba, sai na fara tambaya ko akwai kyamara a ɗakin.